Rabin mudu nawa ne a mudu uku?

Yawancin ɗaliban da nake koya wa dabarun koyar da lissafi da kimiyya a nan Katsina ba son lissafi ne ya kawo su ba. Wasu ma gudunsa suka yi, suka faɗa sashen ilimin firamare suna ganin sun tsira. Alhali malamin firamare ba kasafai yake zaɓen darasi ba, aji ake damƙa masa ya koyar da komai. Shekara uku ta NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, ita ce iyakar damar da muke da ita kafin a tura su aji cike maƙil da yara.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, sai an cire wa malamin tsoro kafin a zo maganar dabara. Malamin da ke shakkar lissafi ba ya son tambaya. Zai rubuta ƙa'ida a allo, ya sa a yi ta rerawa, yaron da ya ce "don me?" ya sha tsawa.

In na rubuta 3 ÷ ½ a allo, kusan kowa zai ce a juya rabin a ninka, amsa 6. In na ce to yaya aka yi rabawa ta haifar da abin da ya fi ukun yawa, sai aji ya yi tsit. Shi ya sa nake zuwa da gero da kwanon awo. Na auna mudu uku a faranti, na miƙa wa ɗaya daga cikinsu ƙaramin kwano mai cin rabin mudu, na ce ta kwashe. Tana kwasa ana ƙirgawa, har shida. Wata ta taɓa cewa, "Malam, au, dama wannan ne? Ai ko ƙanwata mai tallar gyaɗa ta san shi." Gaskiyarta. Lissafin yana kansu, ba a taɓa haɗa musu shi da alamomin allo ba ne kawai. Ba na barin kowa ya wuce wurin sai ya bayyana dalilin da Hausa, kamar yana gaban 'yan aji huɗu. Wanda ya kasa, hadda ya yi.

A kimiyya kuwa, kukan kullum shi ne babu ɗakin gwaje-gwaje. Babu ɗin ne, kuma ba na wanke waɗanda alhakin samar da shi ke wuyansu. Amma akwai randa. Me ya sa ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi? Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bi iska, kuma da zafin ruwan ciki yake tafiya, shi ya sa randa ta fi sanyi da rani, lokacin da iska ke bushe, a kan damina. A kan wannan Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina tukunyarsa mai zama cikin wata tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000.

Nakan kuma ba su labarin Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu kan hatiman lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sai in zana irin wannan hatimi mai gida tara, in ce su zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15. Waɗanda suka gudo wa lissafi su ne za ka ji suna gardama har a tashi.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin koyarwar gwaji. Ɗalibi ya je da murafun kwalba da tsinkayen ƙirga, tsohon malamin ajin ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, bar ɓata lokaci, manhaja za ka gama." Wasu sukan dage, wasu kuma kafin zango ya ƙare sun koma rerawa.