Rabon da fadarmu ta yi, an ci nasara ko dai hoto ne ya yi kyau?

Jiya bayan isha'i munka zauna a fada, wato majalisarmu ta abokai a unguwa, shayi na bisa wuta, ma'ajinmu ya ɗauko kaye, littafin da yake rubuta kuɗi ciki, ya fara karanto lissafin rabon hatsin da munka yi satin da ya wuce, tun bai kai ƙarshe ba wuri ya yi tsit. To ni dai yau sai na faɗi abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Tun ambaliyar ƙarshen watan Agusta 2024, ruwan nan da ya rusa gidajen ƙasa a Maradi har anka rasa rayuka, muke da wannan niyya, don a unguwarmu akwai waɗanda har yau ba su gama tada katanga ba. Kuɗi kam an samu alhamdulillahi, wani ya ba da jika biyu wani jika goma, 'yan uwa da ke Yamai da Kano ma sun turo, wani Alhaji a babbar kasuwa ya ƙara mana buhu uku daga shagonshi, Allah ya saka mishi.

Ranar rabo wuri ya cika, hotuna sun zaga WhatsApp, kowa na cewa kun yi ƙoƙari. Amma da anka buɗe kaye sai ga hayar rumfa, hayar kujeru, lasifika, ruwan leda, mai ɗaukar hoto, har da lemun manyan baƙi waɗanda ba su yi minti ashirin ba sunka tashi. Da na haɗa su sai na ga sun kai kuɗin buhu biyu. Buhun kilo 100 kuwa tiya 40 ne, kenan tiya 80 munka zauna bisanta munka sha inuwa, in ana ba kowane gida tiya biyar ku lissafa da kanku gida nawa ke nan.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mani rai shi ne tiken karɓar hatsin. Mun ba 'yan fada kowa ya raba a layinshi, to ka san halinmu, kowa wanda ya sani ya ba, har na ga wani mai babur sabo ya ɗaure tiya biyar a baya ya wuce, ni kuma ina tsaye ban iya cewa komi ba don ƙanen abokina ne. Su kuwa masu takaba da tsofaffin da ba su iya tsayuwar layi cikin rana, da magidancin da zai gwammace ya kwana da yunwa da a ɗauke shi hoto riƙe da leda, ba su zo ba, mu ma ba mu je ba.

Jiya na ce ma 'yan fada in Allah ya kai mu azumi mu bar rumfa, mu zauna da mai unguwa da liman a rubuta gidaje, a ɗauki adaidaita guda a kai bayan magariba ba kyamara. Wasu sun ce in ba hoto masu turo kuɗi ba za su yarda ba. Gaskiyarsu, sai a tura masu hoton kayen da na rasit.

Da safe na bi ta gidan Iya mai ƙosai ta bayan masallaci na gaishe ta, ta ce ɗana ai na ji lasifikarku, na ɗauka biki ake.