Wasiƙa daga Cape Town: me Gasar Kofin Duniya ta bar wa garin nan?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaisuwa, da fatan kowa na lafiya.

Na ga yadda wasu suka ji haushi da Abuja ta rasa karɓar wasannin ƙasashen Commonwealth na 2030, aka bai wa Ahmedabad ta Indiya, kamar yadda Glasgow ta kayar da ita a neman na 2014. Ni dai ban taya ku baƙin ciki ba, kuma zaman da nake yi a Cape Town ne ya sa.

Ba na musun daɗin Gasar Kofin Duniya ta 2010 da aka yi a nan Afirka ta Kudu. Ranar 11 ga Yuni da Tshabalala na Afirka ta Kudu ya zura wa Meziko ƙwallon farko, ƙasar nan kamar ta tsage saboda vuvuzela, baƙi da farare na rungumar juna a titi. Mu 'yan Najeriya rabonmu jan katin Sani Kaita a wasan Girka, a bar wannan maganar. Amma wata ɗaya aka yi aka watse, garin kuma har yau yana biyan kuɗi.

Ku dubi filin wasan Green Point, wanda aka gina a garin nan don gasar. Hukumar birni ta so a yi amfani da filin Athlone, a unguwannin talakawa inda masu son ƙwallo suke. FIFA ta fi son bakin teku, inda kyamara za ta ɗauko dutsen Table Mountain a baya, kuma abin da take so aka yi. Aka kashe rand (kuɗin ƙasar nan) biliyan 4.4, aka buga wasa takwas. Gasar na ƙarewa kamfanin da zai gudanar da filin ya janye, kayan suka dawo kan birni. Ƙungiyoyin ƙwallon garin ba sa cika shi, ga kuɗin ciyawa da lantarki da masu gadi da gyaran rufi, asarar miliyoyin rand duk shekara daga harajin mutanen da yawancinsu ba su taɓa shiga ba. Har kiran a rushe shi an yi. Sai a 2021 da ƙungiyar rugby ta Stormers ta baro filin Newlands ta tare a ciki ya ɗan farfaɗo.

To wa ya ci riba? FIFA ta kwashi kuɗin talabijin da na masu talla, kuma an yafe mata haraji tun a yarjejeniya. A 2013 hukumar hana maguɗin kasuwa ta ci tarar kamfanonin gini 15 kusan rand biliyan 1.5 saboda haɗa baki wajen raba kwangiloli, har da na filayen gasar. Matar da ke soya nama a bakin titi kuwa, wadda aka ce kakarta ta yanke saƙa, an hana ta kusantar filin, don kewayen na kamfanonin da suka biya FIFA ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Baƙin ma da aka yi hasashen za su haura 400,000, kusan 310,000 suka zo.

Akwai abin da ya zauna, kuma shi nake so ku lura da shi. Motocin bas na MyCiTi da suka fara aiki lokacin gasar sun kai unguwannin talakawa na Khayelitsha da Mitchells Plain a 2014. Da asuba za ka ga ma'aikatan otal da masu shara sun yi layi da katinsu a hannu. Jirgin ƙasan Gautrain na haɗa Johannesburg da filin jirgin sama, Durban ta samu sabon filin jirgi na King Shaka. Lambun da aka yi gefen filin Green Point kyauta ne, ranar Lahadi cike yake da iyalai sun shimfiɗa bargo, yara na guje-guje, ƙaton filin na tsaye bayansu a kulle. Duk waɗannan ana iya yin su ba tare da FIFA ba. Abin da gasar ta kawo shi ne wa'adi, wanda ya tilasta wa 'yan siyasa gama aiki don gudun jin kunya a idon duniya. Wa'adin nan kuwa ya yi tsada ƙwarai.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. An gina filin Abuja don wasannin Afirka na 2003, daga baya sai da Ɗangote ya sa hannu aka gyara ciyawarsa. Na Surulere da ya karɓi wasannin Afirka na 1973 ya shekara da shekaru a lalace. Don haka in an sake zuwa muku da zancen neman gasa, ku tambayi wace ƙungiya za ta riƙa wasa a filin bayan baƙi sun tafi, da kuma kasafin wace ma'aikata zai ɗauki kuɗin gyaransa. Durban da kanta an ba ta wasannin Commonwealth na 2022, aka ƙwace a 2017 da ta kasa cika sharuɗɗan kuɗi, kuma ban ga wanda ya zauna makoki a nan ba.

A gaida mutan gida. Wassalam.

Naku,
ɗan uwanku a Cape Town