Yusef Lateef da furojet ɗina na sarewa

Lokacin da aka ba ni sarewar Fulani a matsayin abin da zan yi furojet a kai, wallahi raina bai so ba, gani nake ai abu ne da muka taso muna ji a bakin makiyaya, me zan rubuta har babi biyar? Na haɗa tambayoyi 20 a takarda na hau mashin zuwa wata ruga da rana tsaka. Dattijon da aka haɗa ni da shi ya karɓe ni hannu biyu, aka kawo min kindirmo, amma duk abin da na tambaya sai ya ce e ko a'a ko "haka muka gada". Sarewar ma bai ciro ta ba.

Da na koma ina ƙorafi, malamin da ke duba aikina bai ce min komai ba, takarda kawai ya yaga ya rubuta suna ya ce in je in nemo ko waye. Yusef Lateef.

Ashe Baƙar fatar Amurka ne, an haife shi a 1920 a jihar Tennessee ya girma a Detroit, sunansa na yanka William Huddleston kafin ya musulunta. Saksofon yake busawa, babbar da ake ce wa teno, ya yi aiki da Dizzy Gillespie a 1949, daga baya da Charles Mingus da Cannonball Adderley, wato duk manyan kiɗan jaz na wancan zamanin sun san shi. Kuma bai tsaya a saksofon ɗin ba, ya koyi sarewar Turawa da obo, wadda muryarta kamar ta algaitarmu, ya riƙa shigo da kayan busa na Indiya da na Larabawa tun ba a saba jin haka ba. Ya yi digirin dakta a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts a 1975. Kalmar jaz ɗin ma ba ya son a jingina ta da kiɗansa, kuma ya zo ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya.

To abin da ya tsaya min a rai shi ne, wannan mutumin a 1981, ya haura shekara 60, da sunansa da daktansa, ya tattara ya taho Zariya, ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello har 1985, kuma cikin abin da ya yi bincike a kai har da sarewar nan da nake rainawa. Shekara huɗu fa! Ni kuma wuni ɗaya na ba ta, shi ma ba cikakke ba. Lateef ɗin da wani mai bincike ɗan Najeriya, Ziky Kofoworola, har littafi suka fitar a kan wasanni da kiɗan Hausawa a 1987. Daren nan na sa iyafis na saurari faifan da ya ɗauka a Najeriya a 1983, ganguna na tafiya shi kuma yana binsu a hankali, ba ya danne su, wani wurin sai ya yi shiru ya bar musu fili, ka ji mutumin da ya daɗe yana sauraro kafin ya sa baki.

Sati na gaba na koma rugar, amma da yamma lis, babu takarda. Shanu na dawowa, an hura musu hayaƙi, na samu gefen tabarma na zauna. Na ce Baffa yau ba tambaya na zo yi ba, hira na zo. Ya yi dariya ya ce "yaro, ran nan ai sauri kake." Sai bayan magariba ya laluba aljihu ya ciro ta, ta kara ce, huda huɗu, bakin ya yi baƙi saboda daɗewa. Ya karkata ta gefen leɓe, yana busawa yana wani gurnani a maƙogwaro lokaci guda, sautin ya fito kamar mutum biyu. Ba a cikin tambayoyina 20 ɗin wannan yake ba, don ban ma san akwai shi ba balle in tambaya.

Sau bakwai na je kafin na rubuta layin farko na babi na uku. A zuwa na biyar ne ya miƙo min ita ya ce in gwada, iska kawai ta fito, ya gyara min yatsu ya ce in sassauta leɓe.

Lateef ya rasu a Disamba 2013 yana da shekara 93. Har yanzu in zan fita ɗaukar hira a wurin aiki, takardar tambayoyin tana cikin jaka, ba na ciro ta sai an sha ruwa an gaisa, wani lokacin har in dawo ban taɓa ta ba.