Numfashin Mai Azumi da Na Mai Ciwon Suga

Yau na miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje, bayan shekara biyu ina bin tambaya guda: ko gwajin numfashi zai iya hutar da mai ciwon suga daga huda yatsa safe da yamma don auna sugan jininsa. Likitoci sun daɗe da sanin ƙamshin nan mai kama da na nunannun 'ya'yan itace da ke fita daga bakin majinyacin da ciwon ya tsananta masa, kuma tun 1971 masanin kimiyya Linus Pauling ya nuna cewa numfashin ɗan Adam na ɗauke da sinadarai kusan 250. Wanda muka sa wa ido shi ne asiton, wanda jiki ke samarwa idan ya kasa amfani da suga ya koma ƙona kitse.

Kuskurena ya faru ne a watan Ramadan. Na tara lafiyayyun da za mu gwada da majinyata, kowa ya hura iska a jakar gwaji bayan La'asar, ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu yaushe rabonsa da abinci ba. Da sakamako ya fito, sai ga asiton ɗin wasu lafiyayyu ya kamo na majinyata, domin wanda ya wuni bai ci ba, shi ma kitse jikinsa yake ƙonawa. Aikin wata huɗu ya tashi a banza. Malamin da ke duba aikina, wanda shi ya tsayar da ranakun da hannunsa, ya miƙe a gaban kwamiti ya ce sakacina ne ni kaɗai. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Malam," amma har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daga nan na gane cewa asiton labarin kitse yake bayarwa, ba adadin sugan jini kai tsaye ba, kuma motsa jiki da rage cin tuwo ko shinkafa suna iya ɗaga shi. Danshin numfashi yana rikita na'ura, jakar da ta kwana kuma ba abin dogaro ba ce. Duk wanda zai gaje ni, ya karɓi umarnin malaminsa a rubuce, kada a ɗora masa laifi kamar ni.

A ranata ta ƙarshe, wata dattijuwa ta nuna mini yatsunta da suka yi kanta saboda allura, ta ce, "Ɗana, yaushe za ku gama?" Na ce, "Baba, da saura, kada ki ajiye na'urar jininki."