Zanen da ya ɓace daga taga: abin da na koya a GTK da Cairo

Manhaja ta farko da na rubuta wadda take zana abu a allo ƙarama ce ƙwarai, aikinta kawai ta nuna farashin buhun masara wata bayan wata a siffar layi mai hawa da sauka, kuma na gina ta ne da GTK 2, wato tarin kayan haɗa tagogi da maɓallan manhaja, a kan wata tsohuwar kwamfuta mai aiki da Linux. Na sanya maɓalli guda, na rubuta cewa duk lokacin da aka danna shi a kira gdk_draw_line sau 11 domin a haɗa ɗigogin watanni 12, kuma da na danna sai ga layin ya fito tsaf. Murnata ba ta je ko'ina ba, domin da na jawo wata taga ta bi ta kansa sannan na janye ta, sai na tarar duk inda ta shafa ya goge sarai kamar allon da aka wanke. Na yi kwana biyu ina laluben kuskure a cikin lissafina, alhali lissafin lafiyarsa ƙalau, wurin da na ajiye umarnin zanen ne bai dace ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tsarin X11, wanda yake nuna tagogi a allon kwamfutar, ba ya ɗaukar alkawarin riƙe wa manhaja abin da ta zana. Idan wani ɓangare na taga ya ɓuya sannan ya sake bayyana, saƙo kawai yake aiko wa manhajar cewa ga wurin da yake buƙatar sabon zane, GTK 2 kuma ya miƙa saƙon da sunan expose-event. Wanda bai tanadi amsar wannan saƙo ba, tagarsa haka za ta zauna fanko. Saboda haka abin da ya wajaba a adana shi ne farashin nan guda 12, shi kuwa zanen a riƙa sake fitar da shi daga gare su duk sa'ad da aka nema, ko da sau ɗari ne a cikin minti ɗaya. A GTK 3, wanda ya fito a 2011, saƙon ya koma draw, yana kuma zuwa da kayan zanen Cairo, wato tarin umarnan zana layuka da siffofi, a shirye. A GTK 4 na Disambar 2020 kuwa, ana ba gtk_drawing_area_set_draw_func aikin da mutum ya rubuta, GTK kuma ya riƙa kiran aikin tare da faɗi da tsawon wurin zanen. Idan farashi ya canza, abin da maɓalli zai yi shi ne ya gyara bayanan sannan ya kira gtk_widget_queue_draw, wanda ba ya zana komai, illa dai ya sa alamar cewa wurin ya tsufa, ta yadda ko an kira shi sau ashirin a jere, zane ɗaya za a yi idan lokacinsa ya zo. Masu rubutu don Windows sun san wannan ƙa'ida da sunan WM_PAINT da InvalidateRect, masu Qt, wani tarin kaya irin GTK, kuma da paintEvent da update.

Cairo, wanda Keith Packard da Carl Worth suka fara, ya shiga GTK tun daga 2.8 a shekarar 2005, kuma tunaninsa ya bambanta da na tsofaffin umarnan da na saba da su. A da, gdk_draw_rectangle yana fitar da murabba'i nan take. A Cairo sai an fara shata hanya da cairo_move_to da cairo_line_to da cairo_arc, babu abin da zai bayyana a allo, sannan a zaɓi launi da cairo_set_source_rgb, inda ja da kore da shuɗi kowanne yake tsakanin 0 da 1 maimakon 0 da 255, daga ƙarshe a ce cairo_stroke domin a bi hanyar da tawada, ko cairo_fill domin a cike cikinta. Yana tuna mini da mai aikin babbar riga, wanda yakan gama shata aska tukuna kafin allura da zare su taɓa yadin. Amma akwai tarko a nan: da zarar an kira cairo_stroke ko cairo_fill, hanyar ta tafi, don haka wanda yake son da'ira mai ciki rawaya da baki baƙi dole ya fara da cairo_fill_preserve. Haka kuma cairo_arc yana ja layi daga inda alƙalami yake zuwa farkon da'irar, shi ya sa ɗigogin watannina suka fito a ɗaure da juna kamar carbi har sai da na koyi sanya cairo_new_sub_path kafin kowanne.

Ma'aunin wuri ma sai da ya ba ni kunya sau ɗaya. Sifili yana kusurwar sama ta hagu, lambar tsaye kuma ƙaruwa take yi idan ana gangarowa ƙasa, saboda haka a gwajina na farko watan da masara ta fi tsada shi ne ya faɗo gindin taga. Maganinsa ɗebewa ne daga tsawon wurin, ba ya buƙatar dogon bayani.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne batun rabin ɗigon allo, wato ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto, domin yana nuna yadda Cairo yake kallon allo. A wurinsa cikakkun lambobi suna faɗawa ne a kan iyakar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo. Idan aka ja layi mai kaurin 1 a kan lamba 10, tawadar tana bazuwa rabi sama rabi ƙasa, daga 9.5 zuwa 10.5, sai jere biyu na ɗigogi su sami rabin launi kowanne, layin ya fito toka-toka mai kaurin biyu maimakon baƙi siriri. Idan aka matsa shi zuwa 10.5, sai ya cika jere ɗaya daidai. Ba kasafai sabon shiga yake lura da wannan ba, saboda kaurin da Cairo yake farawa da shi 2.0 ne, wanda yake zama daram a kan cikakkiyar lamba, sai ranar da ya rage kaurin don layukan jadawali ya ga komai ya dusashe. A ganina wannan tsari daidai ne ko da yake yana ba da wahala, domin shi ne yake sa shiri ɗaya ya iya zana abu guda a allo, a fayil ɗin PDF ko SVG, ba tare da an sake lissafi ba.

Rubutu a cikin zane wani babi ne da ya shafe mu kai tsaye. Akwai cairo_show_text mai sauƙin kira, sai dai su kansu masu Cairo sun bayyana shi a matsayin na wasa, kuma ba ya nemo wani salon haruffa idan wanda aka zaɓa ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ, ballantana ya haɗa haruffan ajami daga dama zuwa hagu yadda ya kamata. Wannan aikin Pango ne, kayan tsara rubutu na GTK, wanda yake dogara da wani kayan aiki mai suna HarfBuzz wajen tsara siffar haruffa, saboda haka duk alamar da zan rubuta a jikin jadawali, ta pango_cairo_show_layout nake bi da ita, ko da kalma ɗaya ce.

Allon da yake sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ba manhaja kimanin milisakan 16.7 ne kacal ga kowane zane, kuma duk abin da aikin zanen ya tsaya yi, tagar gaba ɗaya tana jiransa. Na taɓa sanya karanta fayil ɗin farashi a cikinsa don lalaci, sai jan gefen taga ya koma tafiyar hawainiya. GTK 4 ya bi wata hanya ga sauran kayan taga, inda suke bayyana abin da suke so a zana ta hanyar jerin bayanai da ake kira snapshot, GSK kuma, wato sashen zane na GTK 4, ya miƙa wa katin hoto aikin ta OpenGL ko Vulkan, hanyoyin magana da katin, yayin da zanen Cairo har yanzu babban injin lissafin kwamfuta ne yake yin sa kafin a ɗora hoton. Ga wanda yake motsa dubban siffofi bambancin yana da girma, amma jadawalin masara mai ɗigo 12 na bar shi a Cairo, kuma da na mayar da shi GTK 4 layukan da na sauya ba su wuce na karɓar faɗi da tsawo ba.