Kurnar da ke bayan ɗakina

Ƙanwata da ke aure a Ingila ce ta turo mini hoton wata bishiya mai ƙaya a bayan gidansu, ta yi fari fat da fure a watan Mayu. Larabawa na kiran ta za'arur. Ta ce tsuntsaye ba sa barin ta, har sheƙa suke yi a cikin ƙayar. "Yaya, in aiko maka da irinta?"

Dariya na yi. Itacen da sai ya sha sanyin hunturu kafin ƙwayarsa ta tsiro, me zai yi da zafin ranar Kassala, nan gabashin Sudan? Amma maganar ta zauna mini. Ai mu ma muna da tamu mai ƙaya: kurna, wadda ake ce wa sidir a nan, 'ya'yanta kuma nabag.

Na sayi nabag a kasuwa, yara suka shanye, na tattara ƙwallayen. Shukar farko ko ɗaya bai fito ba. Inna ce ta ce, "Kai ɗan nan, ƙwallon kurna sai an fasa masa baki." Na ɗan ƙwanƙwasa su da dutse, na jiƙa kwana ɗaya, na binne da saukar damina. Uku suka tsiro, akuyar maƙwabta ta cinye biyu.

Maƙwabcin nawa kuwa cewa ya yi in dasa darbejiya in huta, ko in bar miskit, wani itace mai ƙaya mai saurin yaɗuwa, ya fito da kansa. Darbejiya ba laifi, daga Indiya ta zo, kuma ta yi mana rana. Miskit ne ba na so ko a ido. Tun 1917 aka shigo da shi Sudan, ga shi yau ya cinye gonaki a bakin kogin Gash, manoma na ta fama da saiwarsa.

Kurna ba ta da gaggawa. Shekarun farko ƙasa take bi da saiwa, kai ka ce ta tsaya. Furenta ma ba abin ɗaukar hoto ba ne, ƙanana ne, tsanwa-tsanwa. Sai dai in ta yi shi bayan damina, tun asuba za ka ji kukan ƙudan zuma. Bana kurciya ta yi sheƙa can tsakiyar ƙaya, inda kyanwarmu ta gwada hawa sau ɗaya ta haƙura.

Jiya wata tsohuwa ta yi sallama, an yi rasuwa a layinsu, tana neman ganyen wankan gawa. Na tsinko mata, ƙayar nan mai lanƙwasa ta yage mini hannun jallabiya.