Masu cika harsashi a gareji da abin da suka fi tsoro

A nan Amurka mutum ya zauna a garejinsa yana cika harsashin kansa ba laifi bane a dokar tarayya, saidawa ce ke buƙatar lasin. Najeriya kuwa kar ma ka soma, doka ta hana sai da izini.

Wani dattijo maƙwabcina shi ke yi, ya tattaro kwanson tagullan da aka harba ya wanke, ya sa masa sabuwar 'yar hular nan ta gindi mai tada wuta, ya zuba albarushi sannan ya dasa kan harsashin. In kana kallo kamar wasa, amma wallahi mutumin nan ko waya baya ɗauka in yana awo, rediyo ma kashewa yake.

Abu biyu yake tsoro. Ko ka zubawa kwanso ɗaya albarushi sau biyu, ko ka manta baka zuba ba sam, kuma wannan na biyun ya fi ban tsoro a wajena don hular kaɗai tana iya tura harsashin ya maƙale a cikin bututu, ka ji ƙara 'yar ƙarama ka ɗauka ba komai, ka sake harbi, shikenan bindiga ta tarwatse a hannunka. Shi yasa yake jera kwansunan a kan katako mai ramuka ya bi su da tocila ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, duk wanda albarushinsa ya fi na sauran ko ya gaza sai ya juye ya sake awo. Awon ma da giren ake yi, giren 7000 ne laba ɗaya, ka ga ba abin da za a yi da ido bane, sikeli ne, kuma daga littafin awo yake ɗauka ba daga bakin wani a Facebook ba.

Gwangwanin albarushi ɗaya tak ke zama a teburin, tunda kala-kala ne kuma wasu sun yi kama. Kwanson da ya tsage a wuya sai bola, har waya yake lanƙwasawa ya shafa cikin kwanson ko zai ji wurin da ya sirance. Tabarau dole, in ya gama ya wanke hannu da sabulu saboda dalma, jikokinsa kuwa ko ƙofar garejin basa zuwa.

Na taɓa ganin wani abokinsa ya kawo masa kwali guda na harsashin da shi abokin ya cika, kyauta. Ya karɓa yayi godiya sosai, amma bai harba ko ɗaya ba, kwance su yayi ya zubar da albarushin ya ajiye kwanson.